Yaron da Ya Ƙure Sikeli

To, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ga yadda kuka kalli juna da aka ce a ɗakin awo za ku fara. Kun zo da fararen kaya sun sha guga, kuna sa ran a miƙa muku allura ko a shigar da ku ɗakin haihuwa, sai aka turo ku wurin tsohuwa da ƙugiya. Na ma ji ɗayarku tana cewa ai ko mai sayar da shinkafa ya iya awo. Gaskiyarta, ya iya. Sai dai shinkafa ba ta harbi, ba ta yi wa mutum fitsari a fuska, kuma ba ta da kaka.

Sunana Uwani, amma a Haɗeja in kun ce Malamar Awo an fi gane ni. Na fi shekara talatin ina ɗaga 'ya'yan mutane. Yawancin masu gemun da kuke gani a kasuwar kifi na san su tsirara suna ihu.

Sikelin da na fara aiki da shi mai rataya ne, fuskarsa kamar agogon bango, ƙugiya sama ƙugiya ƙasa, iyakarsa kilo ashirin da biyar. Sai wandon awo na yadi mai kauri da ake zura yaro ciki a rataya, sai kati, sai fensir, sai tsumma da sabulu. A gari muna rataya shi a ƙarfen baranda. A ƙauye kuwa sai mu nemi reshen maina mai ƙwari. Kafin ki ɗora kowa, za ki rataya wandon shi kaɗai ki murɗa kibiyar ta dawo sifili. Fuskar sikelin ta zama daidai da idonki, don in kin leƙa daga ƙasa ƙarya za ki karanta. Sannan a tuɓe yaro. Nan ake fara rigima, domin akwai yaron da layu da guraye da ke jikinsa sun kusa rabin kilo, kuma uwar ba za ta cire ba sai kin rantse za ki mayar da hannunki.

Sai shekaru. Katin nan yana son watan haihuwa, su kuma ba wanda ya rubuta. Ki ce, "Yaushe aka haife shi?" Ta ce, "Ranar da saniyar Malam ta faɗa rijiya." Sai ki zauna ki yi ta lalube: ruwa ya janye daga fadama ko bai janye ba? An yanke shinkafa? Kafin azumi ne ko bayan sallar layya? In kin kuskure da wata uku, kin mayar da lafiyayye mai tamowa, ko mai tamowa lafiyayye. Shi wancan mai shinkafar da kuke magana, yaushe ya taɓa tambayar buhu ranar haihuwarsa?

Wadda ta koya mini aiki Sista Rifkatu ce, 'yar kudancin Kaduna, mijinta malamin sakandare ne a garin nan. Gajeriya ce, kuma ba ta dariya kafin azahar. Sati uku na yi ba ta bar ni na taɓa yaro ba. Jakar yashi ta ba ni, in rataya in karanta in rubuta. Da na juya baya sai ta murɗe kibiyar. In na rubuta ban duba ba, sai ta karɓi katin ta ce, "Uwani, jakar yashinki ta rame tun jiya. Zawo take yi?" A gaban mata take faɗa, su yi ta dariya. Na yi fushi da matar nan har na daina gaishe ta da kyau. Amma har na bar aiki ban sake ɗora yaro ban duba sifili ba.

Ban daɗe da kama aiki ba muka shiga shekarar da ruwan sama ya ɗauke, kogi kuma bai kawo ba. Akwai wata Laraba da muka je wani ƙauye ta wajen Baturiya. Da can sai an tsallaka da mu a kwale-kwale, ranar kuwa motar asibiti ce ta bi ta tsakiyar kogin, kwale-kwalen suna kife a kan tsagaggiyar ƙasa. Daga safe zuwa la'asar muna awo. Sai ki ɗaga ɗan shekara uku da hannu ɗaya kamar kin ɗauki ƙwarya. Ba sa ma kuka. Can wata mata ta kutso da nata, kumatu cike, ƙafafu cike, tana murmushi ta ce, "Nawa dai alhamdu lillahi." Ni ma na yi murmushi. Sista Rifkatu ta kama ƙafar yaron ta danna babban yatsanta a kai, ta ɗauke. Ramin ya zauna bai taso ba. Ruwa ne, ba tsoka ba. Muka sa shi a mota muka taho da shi gari, amma bai kai sati ba.

Daga shekarar nan wa'azinmu ya zama ɗaya: a ƙara mai a kunu, a ƙara gyaɗa, a ƙara suga, a ba yaro sau biyar a yini. Ga yaran can kuwa gaskiya muka faɗa, kuma ta ceci da yawa. Sai dai kowa muka faɗa wa, ba mu ware ba. Waɗanda aka yi maganar dominsu ba su da abin ƙarawa. Waɗanda suke da abin ƙarawa kuma, su ne suka fi kowa jin magana. A jikin kati akwai hanya tsakanin layi biyu da ake son yaro ya bi. Mu layin ƙasa muke tsoro. Ba wanda ya taɓa ce mana saman ma akwai rami.

Bayan 'yan shekaru ruwa ya dawo, kifi ya dawo, tattasai ya yi kuɗi, sai aka ce mu shirya gasar jarirai don mata su riƙa zuwa rigakafi. Sista ta tafi gida jana'iza, sai alƙalanci ya faɗo kaina. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo lasifika. Ba sai na tsaya dogon nazari ba. Akwai wani ɗan wata tara da ake kira Baffa, ɗan Alhaji Sabo mai fataucin bandar kifi. Kakarsa ce ta riƙo shi, Hajja Falmata, uwar Alhaji. Yaron nan ba shi da wuya. Hannunsa gaɓa-gaɓa kamar an ɗaure da zare. Da aka kwance shi mata suka ɗauki guɗa. Na ɗaga shi sama da ƙyar, na ce a lasifika, "Ku dubi yadda ake raino!" Na miƙa wa Hajja bokitin roba da tawul da sabulu. Uwar yaron tana can baya a zaune, ko tambayar wacece ita ban yi ba.

Da Sista ta dawo na nuna mata hoton da aka ɗauke mu ranar ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Nono yake sha?"

Na ce, "Ban tambaya ba."

Ta ce, "To ai kin zalunci mai shagon madara. Shi ya kamata ki ba wa bokitin."

Suna cin gasa ba su sake zuwa awo ba. Wanda ya zo na ɗaya, me zai dawo nema?

Sai bayan kusan shekara uku, wata rana gab da azahar, mata sun watse ina naɗe wandon awo, wata yarinya siririya ta shigo a sunkuye da goyo. Ƙafafun goyon har gwiwarta. Ta sauke shi a benci, ta tsaya tana mayar da numfashi. Shi ma yana haki, alhali shi aka goyo. Ta ce sunanta Zuwaira, ta miƙo kati tsaf kamar sabo. Na duba na ga rubutuna. Baffa ne.

Ku 'yan yanzu da kuke rangaɗa wa ɗan fari suna a tsakar gida ba za ku gane wahalar yarinyar nan ba. Ɗanta na fari ne, kuma sunan surukinta marigayi aka sa masa. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta da ta cewa a kan abin da zai ci. Ƙarya ta yi a gida cewa ita ce ba ta da lafiya, sannan ta samu fitowa da shi. Kanta a ƙasa ta ce, "Malama, ki duba mini wannan. In yana barci minshari yake, numfashin kuma yakan tsaya. Sai na girgiza shi."

Na ɗauko wando, ya ƙi wuce cinya. Muka ƙulla zani muka zaunar da shi ciki, ni da Sista muka ɗaga muka rataya. Kibiya ta zagaya ta je ƙarshe ta tsaya, ƙarfen baranda yana ƙara. Dole muka sauke shi muka kai ɗakin masu ciki, aka auna uwar da shi, aka auna ta ita kaɗai, aka cire. Na zo in ɗiga fensir a kati, babu wuri. Sai can sama, a kan rubutun sunan asibiti, na sa ɗigon.

Sista ta duba shi daga sama har ƙasa. Bayan wuyansa ya yi baƙi kamar dauɗa, an dirje har ya yi ciwo bai fita ba. Matsematsinsa duk ya saɓule. Ƙafafun sun fara lanƙwashewa waje kamar baka. Ta ce ya taka zuwa ƙofa. Ya yi taku kamar goma ya zauna daɓas ya fara kuka. Kafin mu ce wani abu, Zuwaira ta zaro biskit daga jaka ta cusa masa. Ta ga muna kallonta ta ce, "Shi kaɗai yake sa shi shiru."

Ku lura da tambayoyin da Sista ta yi, don ba a littafi za ku fara jin su ba. Yaya aka haife shi? Ƙato ne, sai da aka yi mata ƙari. An taɓa ce mata tana da suga lokacin cikin? An ce, amma da ta haihu ba ta koma ba. Mahaifinsa fa? Yana da suga, yana da hawan jini, sai an buɗa masa ƙofar mota sosai. Nono fa? Wata uku ya sha. Hajja ta ce nonon ya tsinke, ba zai riƙe namiji ba, aka sayo fida da madarar gwangwani. Cokali nawa ake zubawa? Ba a ƙirgawa, sai ta yi kauri. Sista ta rufe katin ta miƙo mini ta ce, "Ke kika ba shi kyauta. Ke za ki je gidan."

Na je ranar Asabar da hantsi, da sunan gaisuwa, na yini. Abin da na koya ke nan: kada ki tambayi mutane me yaro yake ci, don za su ce miki ai ba ya cin komai. Ki zauna ki gani.

Na tarar da shi a kan katifa a ɗakin Hajja, an kunna janareta an sa masa bidiyo. Ya riga ya sha shayi mai madara da suga da burodi. Ina zaune aka kawo koko, an zuba suga har cokali yana tsayawa, da ƙosai. Ya kau da kai, alamar ya ƙoshi. Hajja ta kwantar da shi a cinya ta matse hancin ta yi masa ɗura, tana cewa, "Haɗiye, maigida, haɗiye." Haka take kiransa, tunda sunan mijinta ne. Bayan nan ta ɗauko wata kwalba daga ƙarƙashin gado ta ba shi cokali biyu. Na ce menene? Ta ce maganin cin abinci ne, wani mai kemis ke haɗa mata. Yaron da aka toshe wa hanci don ya haɗiye, shi ake nema wa maganin cin abinci.

Da rana shinkafa ce da mai har yana kwanciya a gefen kwano. Ruwa kuwa bai sha ba ko sau ɗaya. In ya ce ƙishi sai a fasa masa lemon kwalba, akwai akwati guda a bayan ƙofa nasa ne shi kaɗai. Duk wanda ya shigo gaida Hajja da alawa yake zuwa, don an san ta nan ake samun fuskarta. A ƙofar gida yaran unguwa suna ta guje-guje, ya miƙa wuya yana leƙe. Na ce a bar shi ya fita mana. Hajja ta ce, "Ya fita ina? Kin san irin bakin mutanen garin nan? Su gan shi haka su bar shi?" Ko banɗaki ɗaukarsa ake yi. Barci kuma sai lokacin da manya suka kashe bidiyo. Da yamma Alhaji Sabo ya dawo daga kasuwa da tsire da fanke, ya zauna da ƙyar, ya ɗora yaron a tumbi yana cewa, "Wannan ai ni ne sak." Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Ni kuma ga ni da takardar makaranta a ka. Na gyara zama na fara lacca. Na ce ƙibar nan cuta ce. Na lissafa musu: gado daga uba, sugan uwa lokacin ciki, yaye da wuri, fida, zaƙi, ɗura, rashin motsi, rashin barci. Na ce in ba a daina ba ƙafafun za su karkace, suga za ta kama shi tun yana saurayi. Na yi magana mai kyau, wallahi, da a aji ne da an tafa mini.

Hajja ba ta katse ni ba. Da na gama ta miƙa hannu saman kabad ta sauko da bokitin roba. Ko ruwa ba a taɓa zubawa ciki ba. Ta ajiye a gabana.

"Wa ya ba shi wannan?"

Na dubi bokitin. Ta ci gaba.

"Ba ke ce kika ɗaga shi a lasifika ba? Ko wata ce mai kama da ke? Jiya ku ce a ƙara, yau ku ce a rage. Ke 'yar nan, haihuwa nawa kika yi?"

Na ce biyu.

"Ni tara na yi. Biyar na wanke da hannuna aka fita da su. Kin san yadda suke kafin su tafi? Ana ƙirga haƙarƙarinsu daga ƙofar ɗaki. Ban taɓa binne mai ƙiba ba. Ki tashi ki tafi tun ina ganin mutuncin farar rigarki."

Alhaji yana gefe yana sakace. Zuwaira tana bakin murhu ta juya mana baya. Na ɗauki jakata. Da na ba Sista labari ta ce, "Kin gaya mata kin yi kuskure a gasar?" Na ce a'a. Ta ce, "To me kika je yi?"

Ba ni na juya Hajja ba, kada ku ɗauka. Damina ce. Bayan wata biyu zazzaɓi da ciwon haƙarƙari suka kama yaron, aka kawo shi babban asibiti da safe yana numfashi sama-sama. Zuwaira ta aiko a kira ni. Na tarar ana son sa masa ƙarin ruwa da allura ta jijiya, an rasa jijiyar. Nas ta soka a bayan hannu, babu. Ta soka a gwiwar hannu, babu. Aka kira wata, ita ma ta gwada ƙafa. Duk inda aka danna sai yatsa ya nutse. Yaron ya yi kuka har muryar ta dushe. Hajja tana riƙe da kansa tana cewa, "Ku bi a hankali, ku bi a hankali." Wata nas mai baki, wadda ba ta san ko wacece ba, ta ce, "Iya, ai ku kuka binne jijiyar. Mu tono muke yi." Sai da likita ya zo ya tsaga fatar idon sawu sannan aka samu.

Na fita baranda na tarar da Hajja a zaune a ƙasa, ta cire takalmi. Na zauna kusa da ita. Na ce, "Hajja, ranar gasar nan ni na yi kuskure. Ban san aikina ba a lokacin. Na ga ƙiba na ɗauka lafiya ce."

Ba ta kalle ni ba. Can ta ce, "Yanzu so kike in sa shi yunwa."

Na ce, "Ko kusa. Ba ma so ya rame. So muke ya tsaya inda yake, tsawo ya zo ya same shi."

Ta ce, "Kuma in ya yi kuka?"

Na ce, "Ya yi. Kuka ba ya kisa."

Ta ce, "Ke kika sani."

Ya yi kwana goma sha ɗaya aka sallame shi. Kwalbar kemis ɗin nan likita ya karɓa, ya ce akwai abin da ake zubawa ciki mai kumbura yaro, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai a hankali. Sauran aikin a gida aka yi shi, kuma kada ku zata an yi shi da daɗi. Ban ce a hana shi tuwo ba. Na ce a ba shi kwanonsa daban, ƙarami, da miyar kuka ko zogale da kifi, abin da gidan ke da shi har ya yi yawa. In ya kau da kai a ƙyale shi. Ruwa in ya ji ƙishi. Akwatin lemo a mayar shago. Sati biyun farko unguwa ba ta huta ba. Yana birgima yana jifa da kwano, Hajja tana kuka tana zagina da suna. Sau biyu na kama ta da alawa ƙulle a bakin zani. Ta ce ta jikokin maƙwabta ce. Na ce to mu je in raka ki ki ba su.

Fitar da shi waje ta fi komai wuya, sai da na bi ta inda take so. Na ce mata malamai sun fi son yaro ya tako da ƙafarsa zuwa makarantar allo, kuma wa ya fi cancanta ya raka maigida in ba uwargida ba? Ta harare ni, ta san wayo ne, amma ta ɗauki mayafi. Kullum da safe sai ka gan su a hanya, tsohuwa da jikanta, su yi taku ashirin su huta a dakalin wani. Ta rataya masa laya har uku saboda baki. Ban hana ta ba. Layar ba ta da suga.

Duk wata ana kawo shi awo, kuma duk wata nauyin yana nan inda yake. A wurina nasara ce. A wurin matan gari kuwa, sai labari ya bazu cewa Malamar Awo ta sa wa jikan Hajja Falmata ido, yaro kamar tulu ya koma kamar muciya. Wasu suka ce tun ranar da na ɗaga shi sama na lashe shi. Kusan wata uku layin awo ya ragu. Wadda ta zo ma sai ta rufe fuskar ɗanta da zani in na matso. Sista Rifkatu, ranar ce na fara ganin ta yi dariya da safe. Ta ce, "Barka, Uwani. Ni shekara goma na yi kafin a ce mini mayya."

Da ya kai shekara shida yana gudu da yara, ko da yake shi ne na ƙarshe kullum. Minsharin ya tafi. Ƙafar dama ta miƙe, ta hagu ba ta gama miƙewa ba, har yau in yana tafiya za ku gane. Suga kuma ta same shi duk da haka, yana da ƙuruciyarsa, sai dai ya san ta da wuri yana kuma lallaɓa ta. Ban ce muku mun gyara komai ba. Abin da aka zuba a shekara ukun farko ba ya kwashewa duka.

Zuwaira ta sake haihuwa, mace. Wannan karon ta yi awon ciki, an kula da sugan, kuma da yake ba 'yar fari ba ce ta samu bakin magana. Ta ce nono za ta ba ta, ba fida. Da yarinyar ta kai wata shida Hajja da kanta ta riƙo ta zuwa awo. Na duba sifili, na rataya, na ɗiga fensir. Tsakiyar hanya sak.

Hajja ta leƙa katin kamar ta iya karatu, ta dubi jaririyar ta taɓe baki. "Wannan abar? Ai kazar gidana ta fi ta."

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Hajja."

Ta kamo hannuna ta ɗora a kan yarinyar, ta danne da nata. Ta ce, "Na bar fida saboda maganarki. Na bar ɗura saboda maganarki. To ki ji da kyau. In wannan ta mutu, ba maƙabarta za a fara kai ta ba. Ƙofar gidanki zan shimfiɗe ta."

Ba wasa take yi ba, ni ma ban ɗauka wasa ba. Shekara biyu, duk lokacin da aka ce ƙyanda ta shigo unguwarsu ko ana zawo, sai na bi ta ƙofar gidan kafin in wuce aiki. Yarinyar ta yi zazzaɓinta ta warke kamar kowa. Yanzu 'ya'yanta huɗu. Hajja har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba. Iyaka dai duk sallar layya sai ta aiko mini da cinya, ta ce a gaya mini in ci ko na yi kumari.

To, ga layi can ya fara taruwa. Kun ga ta uku, mai jan mayafi? Ku dubi abin da ke hannun ɗanta, ku dubi cinyoyinsa, sannan ku dubi dattijuwar da ke tsaye a bayanta tana yi masa fifita. Ɗora shi a sikeli minti ɗaya ne, na yarda, kowa zai iya. Ke mai maganar shinkafa, tashi. Ki auna shi, ki rubuta, sannan ki yi wa kakar bayani. Ni zan zauna nan kusa da ƙofa.